Tambayi Ticha: Turancin da ake faɗa, wani abu daban ake nufi

Wasiƙun da suka zo wannan wata kusan duk bakinsu ɗaya, kan maganganun nan na Turanci da ake kira "idioms", waɗanda in ka bi kalmominsu ɗaya bayan ɗaya sai su kai ka su baro. Mu ma muna da irinsu jingim. Wanda aka ce yana da dogon hannu ba tela ne ya auna shi ba, wanda ya ci amana kuma bai tauna komai ba. Na taƙaita wasu wasiƙun saboda wuri, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Baba Ticha, ina aiki a wani shagon kayan gini a Adum, nan Kumasi. Mahaifin maigidana ya rasu. Maigidan Batone ne, wato ɗan ƙabilar Ashanti, Kirista, ya kuma yi karatu a Ingila. Na tura masa saƙo ta WhatsApp na ce, "Sir, I am sorry your father has kicked the bucket." Tun daga ranar ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ni kuwa a littafin makaranta na karanta cewa ma'anarta mutuwa. Ina laifina?
Wani matashi, Aboabo

Amsa: Ɗana, littafin bai yi maka ƙarya ba, amma rabin zancen ya ba ka. Ma'anar ke nan, mutuwa. Abin da ya rage shi ne a bakin wa ake jin maganar, kuma a kan wa ake faɗinta.

Dubi namu harshen. Muna cewa ya rasu, ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya yi masa cikawa, ya kwanta dama. Muna kuma cewa ya sheƙa lahira. Duk mutuwa ce. Amma ka taɓa ganin wanda ya shiga zauren makoki, ya durƙusa gaban ɗan mamaci, ya ce, "Ashe tsoho ya sheƙa?" To, abin da ka rubuta wa maigidanka ke nan, har da "Sir" a gabansa. "Kick the bucket", wato shure guga in an bi kalmominta, magana ce ta barkwanci da shaƙiyanci. Mutum kan faɗe ta a kan kansa yana dariya, ya ce yana son ya ga jikokinsa kafin ya yi ta. Akan faɗe ta a kan wanda ba a damu da shi ba, ko a kan tsohuwar mota da ta ƙi tashi. A kan uban wani kuwa, ana cikin zaman makoki, ba ta da mazauni.

Tsohuwar magana ce. Tana cikin wani ƙamus da Francis Grose ya wallafa a Landan a 1785, inda ya tattara maganganun 'yan tasha da ɓarayi da 'yan mashaya. A cikin wannan zuga aka same ta, kuma har yau ba ta yi wanka ba. Abin da ke rikita yaranmu shi ne sukan ji wasu masu karanta labarai a rediyo suna sako ta cikin sanarwar rasuwa, suna zaton ado ce. 'Yan'uwanta su ne "bite the dust", "six feet under" da "pushing up daisies". Ka san su don ka gane in an faɗa, kada ka kai su gidan mutuwa.

Abin da ake cewa shi ne "passed away" ko "passed on". In za ka yi ta'aziyya, "I am sorry for your loss" ko "Please accept my condolences" sun wadatar. Ka ɗaga kai ka dubi fastocin jana'iza da ke manne a bangaye daga Asafo har Bantama: "Call to Glory", "Home Call", "Gone Too Soon". Ba za ka ga guga a jikinsu ba. Ka kuma tuna mutanen da maigidanka ya fito cikinsu. Tonawa in sarki ya rasu cewa suke yi babban itace ya faɗi, ko ya tafi ƙauyensa. Wajen tausasa zancen mutuwa ko mu ba mu fi su ba, don haka zafin da ya ji ninki biyu ne.

Gyara kuma ba ta waya za ka yi shi ba. Ka ɗauki wani babba a gidanku ku je ku gaishe shi ido da ido. Jana'izar Tonawa ba irin tamu ba ce da ake binnewa a ranar, takan ɗauki makonni kuma yawanci Asabar ake yi, saboda haka kana da lokaci. Ka je da 'yar gudummawar da suke kira "nsawa" gwargwadon ƙarfinka, ka ce masa, "Sir, I used a wrong expression. I did not know it was rude. Please forgive me." Wanda ya zauna Ingila ya san daga ina irin wannan ke fitowa.

Tambaya: Ticha, 'yata nas ce a Landan, 'ya'yanta a can aka haife su, Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba. In muna waya autana ke yi mini tafinta. Rannan jikana ya ce uwarsa tana "under the weather", tafintan ya ce wai tana tsaye cikin ruwan sama. Ya ce kuɗin jirgin zuwa Gana "costs an arm and a leg", aka ce mini sai an ba da hannu da ƙafa. Sai kuma ya ce ya daina cin tuwo har abada, da na yi salati ya fashe da dariya ya ce, "Grandma, I'm pulling your leg." Me yaron nan ke faɗa mini?
Wata mai sayar da atamfa, Kejetia

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba wanda za a yanke wa hannu. Tafintanki ne ke bukatar ya zo wurina darasi.

"Under the weather" na nufin ba ta jin daɗin jikinta: mura, kasala, ɗan ciwon kai, irin abin da kan sa mutum ya kwanta yini guda. Sai dai ki san halin mutanen Ingila, wanda 'ya'yanmu da ke can suka kwasa. Suna son rage wa magana nauyi. Wanda ke cikin ƙoshin lafiya zai ce "not too bad", wanda jiki ya matsa wa kuma zai iya cewa "a bit under the weather". Don haka in kin ji ta sau biyu a jere, ki sa a ba 'yarki wayar, ki tambaye ta da Hausa ko ta ga likita. Ma'aikatan asibiti sun fi kowa ƙin zuwa asibiti.

"An arm and a leg" ɗan karen tsada ke nan, abin da masu saye ke faɗa miki kullum in kin faɗi kuɗin turmin atamfa 'yar Holan.

Ta ukun ita ce ta fi yi mini daɗi. "Pulling your leg" tsokana ce, zolaya. Yaron da ba ya jin Hausa ya yi wasan jika da kaka ba tare da an koya masa ba. Ki rama. Ki ce masa tun da maigidan naki ya ƙi tuwo, kin sake shi, za ki auri ƙanensa. Amma a ja wa autanki kunne kada ya juya miki ita da "jan ƙafa", domin jan ƙafa a wurinmu jinkiri ne da gangan, wanda Bature ke ce wa "drag your feet".

Akwai wata da nake so ki kasa kunne ki jira, ko da ba ki tambaya ba. In kin ji 'yarki ko mijinta sun ce suna "struggling to make ends meet", ma'anarta albashi da ƙyar yake kai su ƙarshen wata bayan haya da wuta da kuɗin mai rainon yara. 'Ya'yanmu na waje ba sa iya buɗe baki su ce wa uwa babu. Da wannan suke faɗa. Ranar da kika ji ta, a ɗan sassauta musu saƙon biki da suna.

Tambaya: Malam Ticha, mu da muke duban wata kowane ƙarshen wata ba mu taɓa ganin shuɗi ba. Me Bature ke nufi da "once in a blue moon"?
Wani ladan, Sawaba

Amsa: Malam Ladan, abin da ba kasafai yake faruwa ba ke nan, sai jefi-jefi. Ka san mutanen nan da ba ka ganinsu a sahu sai ranar Idi? Su ne masu zuwa masallaci "once in a blue moon".

Launin wata bai sauya ba. A yau ana ba da sunan ga cikar wata karo na biyu a cikin watan Bature guda. Daga cika zuwa cika kwana 29 da rabi ne, watannin Bature kuwa ban da Fabrairu kwana 30 ne ko 31, don haka ragowar kan taru, bayan shekara biyu zuwa uku sai a sami watan da ya ɗauki cika biyu. Haka aka yi a Agustan 2023, ɗaya a ranar farko, ɗaya a ƙarshensa. A lissafinku na Hijira wannan ba ya yiwuwa, tun da watan da kansa ke yanke kwanakin, kowane wata daren sha huɗunsa guda ne.

Tambaya: Baba Ticha, ina ajin ƙarshe a sakandare, zan rubuta WASSCE, jarrabawar kammala sakandare. Na haddace "idioms" masu yawa amma a jarrabawar gwaji sai in rikice. Malaminmu kuma ya ja jan biro a kan "more grease to your elbow" da na rubuta, alhali kowa haka yake faɗa, har a talabijin. Yaya zan yi?
Wata ɗaliba, Asawase

Amsa: 'Yata, malaminki na da gaskiya, ke ma kina da taki. Bari mu bi su bi da bi.

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma hedikwatarta ke Akara, tana yi wa ƙasashe biyar jarrabawa: Gana, Najeriya, Saliyo, Gambiya da Laberiya. Ma'aunin da take bi a takardar Turanci shi ne daidaitaccen Turanci na ƙamus. A ɓangaren zaɓi-ɗaya sukan ba ki jimla mai ɗauke da salon magana, su jera miki fassarori, ki zaɓi wadda ta dace. A cikinsu kusan kullum akwai wadda ta bi kalmomin yadda suke, kuma ita ce tarkon. In an ce "Two days to the wedding the groom got cold feet", za ki ga an saka miki cewa ango ya ji sanyi a ƙafa. Ki tsallake ta. Angon tsoro ya ji, yana neman janyewa. Ki riƙa karanta jimlar har ƙarshe kafin ki dubi amsoshin, sau da yawa sauran kalmomin kan tona asirin ma'anar.

Haddar jeri kuwa ba ta zama a kai. Ki tara su gida-gida, gwargwadon inda suka fito. Ɗauki dambe, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar da ta haifi D.K. Poison, da ya ciwo mana kambun duniya na farko a 1975, da Azumah Nelson, da ya buge Wilfredo Gomez a 1984. In ɗan dambe ya jigata, mai horar da shi kan jefa tawul cikin fage don a tsai da faɗan, shi ne "throw in the towel", wato sallamawa. Naushi ƙasa da ɗamara haramun ne a dokar wasan, don haka "below the belt" ta zama maganar cin fuska da ta wuce gona da iri. Wanda aka matse a jikin igiya yana "on the ropes", ya kusa faɗuwa. Wanda ƙararrawa ta ceta ana dab da gamawa da shi "saved by the bell" ne. Kin ga huɗu ke nan daga hoto guda, kuma ba za ki manta su ba. Ki yi haka da ƙwallon ƙafa: "own goal" cutar da kai da hannunka, "move the goalposts" sauya sharaɗi bayan an riga an yi nisa. Duk mai bin Kotoko zuwa filin Baba Yara ya san waɗannan ba tare da littafi ba.

Yanzu ga jan biron. Salon magana ba a taɓa masa kalma. Mu a Afirka ta Yamma mun taɓa wasu, sun kuma zauna a bakinmu. Bature "more power to your elbow" yake cewa. Yana da wata daban, "elbow grease", wato aikin ƙarfi kamar gugar tukunya, mu kuwa muka haɗa biyun muka yi tamu. Muna cewa "cut your coat according to your size", asalinta kuwa "according to your cloth", kuma in kin tambayi kowane tela zai ce miki asalin ya fi ma'ana, domin yadin da ke hannu ne ke yanke hukunci, daidai ruwa daidai tsaki. Haka "birds of the same feathers" maimakon "birds of a feather", da "last but not the least" wadda ba ta da "the", da "bite more than you can chew" wadda muka sauke wa "off" bayan "bite". Ni ba na raina su. Turancinmu ne, mun biya kuɗinsa, in mun faɗa a tsakaninmu kowa ya gane. Amma mai duba takardarki ƙamus ne a gabansa.

A rubutun insha'i kuma ki riƙe hannu. Salon magana kamar shito ne, soyayyen yajin nan namu, a kan wake da shinkafa, ɗan cokali ke gyarawa, in ya yi yawa sai a ture kwanon. Shekarun da na yi ina duba takardun yara, duk labarin da aka ce a rubuta sai an yi ruwa a cikinsa, ruwan kuma sai ya zama "raining cats and dogs". Wannan magana Jonathan Swift ya rubuta ta tun 1738, kuma mutanen Ingila na yau sun fi cewa "it's pouring". Biyu ko uku a labari, a inda suka dace, sun isa. A wasiƙar neman aiki ko ta hukuma kuwa, ko ɗaya kada ki sa.

Tambaya: Ticha, ina sayar da kayan gyaran mota na hannu a Magazin ta Suame. Wani Ba'amurke da ke turo mini injuna ta tashar jiragen ruwa ta Tema ya rubuto cewa, "Give me a ballpark figure and we'll touch base next week. The ball is in your court." Na rasa me ya kawo ƙwallo cikin cinikin inji. Wani na Ingila kuma na yi masa tayi ya ce "I'll bear it in mind", har yau shiru. Da ya zo shagona na ce masa "I'm coming" na fita ɗauko kaya, na dawo na tarar ransa a ɓace.
Wani ɗan kasuwa, Suame

Amsa: Masta, Amurkawa suna da wani wasan ƙwallo na sanda da suke kira besbol, kuma Turancin kasuwancinsu cike yake da shi. "Ballpark" filin wasan ne, "ballpark figure" kuwa kiyasi, kuɗin da ya kusa da na gaskiya. A nan ka yi hattara. In za ka ba shi, ka rubuta a fili cewa kiyasi ne na wannan mako, domin ka fi ni sanin yadda kuɗinmu sidi ke rawa a gaban dala, kada kwantena ta iso ya riƙe ka da lambar da ka faɗa da ka. "Touch base" mu tuntuɓi juna ke nan. Wata da za ka ji daga bakinsa ita ce "I'll take a rain check", daga tikitin da ake ba 'yan kallo in ruwa ya hana wasa, su dawo da shi wata rana: ba yau ba, amma bai ƙi ba. "The ball is in your court" kuma daga wasan tanis take. Ya yi nasa, kai ake jira.

Na Ingila fa, ka daina jiransa. Mutanen nan ba sa son cewa a'a a fuska. "I'll bear it in mind", "I'll think about it" da "very interesting", in sun fito a wurin ciniki ba tare da an sa rana ba, su ne albarkarsu. Ka san in mai kaya ya ce maka albarka ba addu'a ya yi maka ba. "With all due respect" kuwa in ka ji ta ka shirya, rashin yarda ne ke tafe a bayanta.

Ɓacin ransa a shagonka daga namu ɓangaren ya fito. "I'm coming" da muke faɗa muna ba mutum baya "ina zuwa" ce muka sa wa rigar Turanci, Tonawa ma haka suke faɗa a harshensu. Shi kuwa a kunnensa ka ce ga ka nan tafe wurinsa, sai ya ga ka nufi ƙofa. Ka ce masa "I'll be right back." Haka in yaronka ya ɗauki waya ya ce "Master is not on seat", baƙo ba zai gane ba, "he is not in" ta fi. Wadda nake roƙonka ka hana yaranka faɗa wa baƙi, musamman mata, ita ce "flash me". A nan kira ne a katse. A can tana iya nufin mutum ya buɗe tsiraicinsa a bainar jama'a.

Inda kuɗi ya shiga, ni shawarata a ajiye ado gefe daga kowane ɓangare. Lamba, irin kuɗin, da rana. In ya rubuto abin da ba ka gane ba, ba abin kunya ba ne ka mayar masa da "Please, is that a yes or a no?"

Tambaya: Ticha, a shirin siyasa na rediyo na ji ana kiran wani aikin gwamnati "white elephant". Zagin jam'iyyar giwa ne?
Wani direban tasi, Alabar

Amsa: Direba, ba ruwan maganar da giwar NPP, ba ruwanta da lemar NDC, ta girme su duka. Daga Siyam ta fito, ƙasar da ake kira Tailan yanzu, inda farar giwa ke da alfarma, ba a sa ta aiki. Labarin da ake bayarwa shi ne sarki in yana son karya bafade sai ya yi masa kyautarta: ba halin mayarwa, ba halin sayarwa, ga ci kullum. Don haka duk ginin da ya lashe kuɗi, yake kuma ci gaba da lashewa ba amfani, shi ne "white elephant", ko wace jam'iyya ta gina shi. A irin shirin za ka ji "red tape", daga jan ƙyallen da ake ɗaure takardun hukuma da na lauyoyi a Ingila. Je-ka-ka-dawo na ofis ke nan, wanda kai da ka sabunta lasisi ba ka bukatar in yi maka bayaninsa.

Tambaya: Malam Ticha, an ce mini da yawa daga waɗannan maganganu daga Baibul suka fito. Ya dace Musulmi ya riƙa faɗinsu?
Wani malamin Islamiyya, Sabon Zango

Amsa: Allah gafarta Malam, fatawa taku ce, ni alli na riƙe. Abin da zan iya shi ne in faɗi asali da yadda ake amfani da su, ku auna.

Gaskiya aka faɗa maka. Fassarar Baibul ta Sarki James, wadda ta fito a 1611, da waɗanda suka gabace ta, sun zuba wa Turanci maganganu masu yawa. "Scapegoat" William Tyndale ne ya ƙirƙire ta a 1530, don bunsurun da ake ɗora wa zunuban jama'a a kore shi jeji, yau kuma tana nufin wanda aka ɗora wa laifin wasu. "Wash my hands of it" daga Bilatus take, gwamnan Romawa da ya wanke hannunsa a shari'ar Yesu, ma'anarta na tsame hannuna, ba ruwana. "At the eleventh hour" daga misalin 'yan ƙodagon da aka ɗauka aiki rana ta kusa faɗuwa, wato a ƙurarren lokaci. "The writing on the wall" daga littafin Daniyel, alamar cewa faɗuwa ta ƙarato. Mai faɗinsu a yau, a majalisa ko a kasuwa, ba addini ke ransa ba, kamar yadda Kirista Bahaushe ke cewa albarka da duniya da lahira bai tuna daga Larabci suka zo ba. Suna cikin jarrabawar yaranka, don haka ko ba za su faɗa ba, dole su san su.

Akwai dai waɗanda ni ba na sa su a bakina. "Touch wood", ko "knock on wood" a Amurka, da "fingers crossed", camfi ne na neman sa'a da kauce wa tsautsayi. "God willing" ta maye gurbinsu, in sha Allah ma yanzu ba wanda bai san ta ba a garin nan, maƙwabtanmu Kirista kuma "by His grace" suke cewa.

Wadda ya kamata ka sani sosai ita ce mai cewa in dutse ya ƙi zuwa wurin Muhammad, to Muhammad ya je wurin dutse. Francis Bacon ne ya rubuta labarin a 1625, yana jingina shi ga Annabi (SAW), wai ya kira dutse ya ƙi zuwa. Labarin ba ya cikin hadisi, ba ya cikin sira. Yawancin masu faɗinta ba su san wannan ba, ba kuma da niyyar ɓatanci suke yi ba, nufinsu kawai in abu ya ƙi zuwa wurinka kai ka je wurinsa. In abokin aiki ya faɗe ta a gabana nakan bari a tashi daga taron, in ja shi gefe in gaya masa asalinta da dalilin da ya sa ba ta yi mana daɗi. Ka koya wa ɗalibanka su gane ta in sun gan ta a rubuce, in kuma ma'anar suke so, su ce "If he won't come to us, we will go to him."